Agogo Mai Kunne: Yadda Ake Auna Saurin Maharba

A ranar 11 ga Satumba 1999, wani Ba'amurke mai suna Jerry Miculek ya harba harsashi 6 da libarba, ya zubar da ƙwansunan, ya ɗura wasu 6, ya harbe su, duk cikin sakan 2.99. A wannan rana kuma ya harba 8 cikin sakan ɗaya. Mutumin da ke riƙe da agogo a hannu ba zai iya shaidar irin wannan ba, don kafin yatsansa ya motsa an riga an gama. Aikin wata 'yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ke sauraron ƙarar bindiga tana rubuta lokaci.

Wasan da ya haife ta ya samu tsari a 1976, lokacin da aka kafa ƙungiyar wasan harbi ta IPSC a garin Columbia na jihar Missouri, Jeff Cooper ya zama shugabanta na farko. Abu uku suka ɗora wasan a kai: iya saiti, ƙarfin harsashi, da sauri. Na farko ana ganinsa a jikin allon da aka harba, na biyu ana lissafa shi. Saurin ne ya zama ƙashin kifi. A da alƙali kan busa usur, ya danna agogo, ya sake dannawa idan ya ji harbin ƙarshe ko ya ga farantin ƙarfe ya faɗi. To, ɗan Adam yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin ya amsa ƙara, kuma alƙalin da ya wuni cikin rana ba daidai yake da na safe ba. A wasan da ƙasa da wannan tazara ke raba na ɗaya da na biyu, ai gardama ba ta ƙarewa.

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Alƙali yana tsaye bayan maharbi, ya tambaye shi ko ya shirya, ya ce masa ya dakata, sannan tsakanin sakan 1 zuwa 4 ya danna maɓalli. Na'urar ta yi "fiit", agogon cikinta ya tashi. Akwai ɗan makirufo a jikinta, kuma duk sa'ad da ƙara mai kaifi ta haura wani mizani da aka saita, sai ta ɗauke ta a matsayin harbi, ta ajiye lokacin har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Harbin ƙarshe shi ne lokacin da ake rubuta wa ɗan wasa. Shi ya sa za ka ga alƙali na bin maharbi a guje, hannu a miƙe, yana kusantar da na'urar ga bindiga idan an zo ƙarshe. Kamfanoni irin su PACT da Competition Electronics da CED sun daɗe suna ƙera ta. Sababbin ma kan tura lokacin kai tsaye zuwa manhajar PractiScore ta Bluetooth.

Daga nan sai lissafi. A dokar IPSC ana raba makin da mutum ya samu da sakan ɗin da ya ɓata. Tsakiyar allo maki 5 ne. A ce harsashi 12 za a harba: wanda ya samu 60 cif cikin sakan 10 yana da 6. Wanda ya samu 52 cikin sakan 8 yana da 6.5, ya kayar da shi duk da bai kai shi saiti ba. Amma idan mai saurin ya kuskure allo sau ɗaya, ya rasa 5 ɗin, a kuma ci shi tarar 10, sai ya tashi da 37, wato 4.6. Ya koma baya.

A ganina, babban amfanin na'urar ba a ranar gasa yake ba, a wajen atisaye yake. Tana gutsuttsura lokaci: daga ƙarar farko zuwa harbin farko, tazarar da ke tsakanin harbi da harbi, lokacin sauya gidan harsashi, lokacin komawa daga wannan allo zuwa wancan. Sabon maharbi yakan ɗauka yatsansa ne ke da nawa a kan kunama, ya dage da fizgarta. Lambobin sai su nuna masa cewa abin da zai rage a nan ɗan kaɗan ne, sakan guda kuwa na zubewa a wajen zaro bindiga daga kube da wajen taku. Ga 'yan sanda maganar ta wuce wasa. A 1983 Dennis Tueller, ɗan sanda a Salt Lake City, ya nuna cewa mai wuƙa na iya cinye ƙafa 21 cikin kusan sakan ɗaya da rabi. Jami'in da bai taɓa auna zarowarsa ba, bai san inda ya tsaya a wannan lissafi ba. Akwai kuma tsarin ƙara biyu, ta farawa da ta cikar wa'adi, wanda ake atisaye da shi da bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta.

Sai dai na'urar makauniya ce, kunne kaɗai gare ta. Ba ta san ko harsashi ya sami allo ko ya tafi daji ba, kuma malamin da ke yaba wa ɗalibi da lamba bai je ya duba allo ba yana koya masa ɓarna ne. Kunnen ma yakan yaudare ta. A ɗakin harbi rufaffe, amsa-kuwwa daga bango na iya shiga a matsayin harbi na biyu. Harbin maƙwabci ma haka. Ƙaramar bindiga mai harsashin .22, ko wadda aka sa wa abin rage ƙara, tana iya harbi na'urar ba ta ji ba, sai an ƙara mata kaifin ji, an kuma matso da ita.

Wannan ne dalilin da ya sa alƙali bai rasa aikinsa ba. Hannunsa na riƙe da na'urar, amma idonsa na kan bindigar. Idan bakinta ya juyo baya ya wuce iyakar da doka ta shata, ko yatsa ya zauna a kan kunama yayin sauya gidan harsashi, nan take zai tsayar da maharbin ya kore shi daga gasar baki ɗaya, ko da lokacin da ke kan na'urar shi ne mafi kyau a ranar.