Toshin saurayi da makomar ɗaliba: jan hankali ga iyaye da malamai daga Segedin

Segedin ƙaramin gari ne a ƙarshen arewacin Kawar, cikin gundumar Bilma ta jihar Agadez. Dabino da gishiri ne arzikinsa na asali, Barebari da Tubawa ne mafi yawan mazaunansa. A nan hanya ke rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Madama da iyakar Libiya, ɗaya ta karkata zuwa Jado. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, garuruwan wannan yanki suka ga irin baƙin da ba su saba gani ba: matasa daga ko'ina cikin Nijar, daga Chadi da Sudan, wasu da kuɗi cike da aljihu, babu iyali a kusa, babu dattijon da za su ji kunyarsa. Hukuma ta rufe wurin haƙar a 2017, amma zirga-zirga ba ta mutu ba, kuma da aka soke dokar hana safarar baƙin haure a watan Nuwamba na 2023, motocin Libiya suka dawo bisa hanya a fili.

Yarinyar da ta gama firamare a gari irin wannan, in tana son yin nisa a karatu, ko ba daɗe ko ba jima sai ta bar ɗakin uwarta. Dirku na da nisan fiye da kilomita 100, Bilma na gaba da nan, Agadez kuwa sai an ratsa Tenere. Can za ta zauna gidan wani ɗan uwa ko abokin mahaifinta, tana 'yar shekara 13 ko 14, guzurin da aka ba ta ya ƙare tun wata bai raba ba. A daidai wannan lokaci ne saurayi ke bayyana da salula, da turare, da jaka biyu ta kalaci.

Matsalar da zan yi magana a kanta ba ta Kawar kaɗai ba ce. Tana nan a Maradi da Damagaram, tana nan a Kano da Sakkwato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani bincike a 2024 da ya nuna cewa cikin 'yan matan da suka taɓa yin saurayi ko miji, kashi 24 cikin ɗari sun sha duka ko tilastawa daga hannunsa kafin su cika shekara 20. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Abin da ya sa na ɗauki Segedin shi ne nisa: inda likita ke nesa, alƙali ke nesa, uwa ma wani lokaci tana nesa, dole mutanen da ke kusa su san abin yi.

Zance al'adarmu ce, ba wanda ke neman a hana shi. Amma zancen da kakanninmu suka sani a ƙofar gida ake yinsa ko a zaure, da ƙanwa zaune a gefe, saurayin kuma an san ubansa da sana'arsa. Yau rabin hirar ta koma cikin salula, tsakar dare, ba mai ji ba mai gani. Cutar kuwa ba da mari take farawa ba. Farkonta magana ce mai daɗin ji. "Kishinki nake yi." "In ba ke ba sai rijiya." Daga nan sai ya karɓi wayarta yana bincike, ya hana ta gaisawa da 'yan ajinsu, ya raba ta da ƙawarta saboda wai tana zuga ta, ya riƙa tsayawa a bakin makaranta yana ƙirga wanda ya yi mata magana. Yarinya ta ɗauka so ne ya yi yawa. Ƙawayenta ma haka suke gaya mata, har suna cewa ta yi dace. Ranar da ya fara murɗe mata hannu, zai dawo da dare da kyauta da ban haƙuri, ya ce ita ce ta ɓata masa rai.

Kalmar da ta fi kowace haɗari a bakin irin wannan saurayi ita ce "na kashe miki kuɗi". Da ita yake mai da toshi bashi, ya mai da yarinya jingina. Mutanen Kano ba za su manta da abin da ya faru a unguwar Janbulo a watan Satumba na 2022 ba, lokacin da wani ɗan ƙasar Sin ya shiga har gidan iyayen wata matashiya da suka yi soyayya, ya daɓa mata wuƙa ta mutu. A gaban kotu, cikin abin da ya yi ta nanatawa har da miliyoyin nairar da ya ce ya kashe mata. Babbar kotun jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya a watan Maris na 2024. Mutane da yawa sun tsaya kan cewa baƙo ne. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan samarinmu da suka riƙa cewa ai ita ta jawo, don me za ta ci kuɗinsa ta ƙi shi. Wannan tunani na "a fasa kowa ya rasa" ba daga Sin aka kawo mana shi ba, a fadojinmu da majalisunmu yake kwana.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin magana kan kayan da mai neman aure ya bayar. Iyakar abin da suka tattauna shi ne ko za a mayar masa da kayansa in ɓangaren yarinya ne ya janye. Kayansa, a gaban manya. Babu inda aka ce salula ta ba shi iko da jikinta ko da ranta. Saboda haka uwar da ta ga sabuwar waya a hannun 'yarta, ta tambayi inda ta fito tun ranar farko, kuma in abin ya fi ƙarfin toshi na al'ada, a mayar. Uwar da ta karɓi shinkafa da atamfa daga hannun saurayin 'yarta ta ɗaure bakinta da kanta, ranar da yarinya ta zo da kuka ba za ta iya cewa komai ba.

Akwai kuma sabon makami: hoto. Ya lallaɓe ta ta aiko masa hoton da bai dace ba, ko ya naɗi muryarta, sannan ya ce in ta rabu da shi zai watsa a WhatsApp. A ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, wannan barazana ta fi bulala ciwo, kuma ita ke sa yarinya ta ci gaba da bin wanda take tsoro. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma yaɗa hoton tsiraicin ƙaramar yarinya laifi ne. Kada a goge saƙonnin barazanar don jin kunya. Su ne shaida a gaban jandarma.

Malami ne sau da yawa yake fara ganin alama, in yana da ido. Ɗalibar da ke ɗaga hannu kullum ta yi shiru. Makinta ya faɗi cikin zango guda. Tana fashi, ko tana makara, ko tana ƙin fita in an tashi har sai kowa ya watse. Tana firgita in wayarta ta yi ƙara. Tana barci a aji. Malamin da ya ga haka ya ɗauki bulala ya ƙara mata ciwo a kan ciwo. Abin da ya dace shi ne a sa wata malama, ko wata uwa daga ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, wadda ake kira AME, ta keɓe da ita ta tambaye ta a hankali. In ta buɗe baki, kalmar farko da za ta ji ita ce za ta sa ta ci gaba ko ta rufe bakin har abada. "Me ya kai ki?" tana rufe baki. "Na ji ki, ba laifinki ba ne, za mu taimake ki" tana buɗe shi. Kuma abin da ta faɗa kada ya zama labarin ɗakin malamai.

Dole a faɗi wata gaskiya mai ɗaci a nan: wani lokaci mai cutar yana cikin makarantar, da alli a hannunsa, yana sayar da maki da mutuncin ɗaliba. Wani lokaci kuma yana cikin gidan da aka ba da ita riƙo. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta sanya cin zarafi ta hanyar neman lalata cikin laifuka tun gyaran 2003, kuma ta tsananta wa wanda ya yi amfani da ikon da yake da shi a kan wadda ya cuta. Sauya wa irin wannan malami wurin aiki ba hukunci ba ne, kai shi aka yi ga 'ya'yan wasu.

In abin ya kai ga fyaɗe, lokaci ya fi komai tsada. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar sida bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72, kwana uku ke nan, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana biyar. Ga wanda ke Yamai wannan lokaci ne mai yawa. Ga wanda ke Kawar, inda sai an jira mota, kwana guda da aka ɓata ana taron dangi yana iya cinye damar baki ɗaya. A fara kai ta likita mafi kusa, taron ya biyo baya. In da hali kada ta yi wanka kafin a duba ta, kayan da ke jikinta kuma a naɗe su cikin takarda ko tsumma mai tsabta, ba cikin leda ba. A nemi takardar shaidar likita. Ko kwanakin sun wuce a je, domin akwai raunuka da cututtukan da ake magancewa daga baya. Sannan kada a bar ta ita kaɗai a kwanakin farko. In ta fara cewa gara ta mutu ta huta, a ɗauki maganar da gaske, a kawar da fiya-fiya da magunguna daga inda hannunta zai kai.

Daga nan sai babbar jarrabawa, wadda a nan muka fi faɗuwa. Dangi su taru, a ce a rufa asiri, a kashe maganar a gida. Iyayen yaro su kawo kuɗi, ko a ce tunda ya ɓata ta sai ya aure ta. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Aurar da yarinya ga wanda ya yi mata fyaɗe miƙa masa ita ne ya ci gaba, da izinin iyayenta. Fyaɗe babban laifi ne a dokar Nijar, ɗaurinsa shekara 10 zuwa 20, ya fi haka in yarinyar ba ta kai 13 ba. Mai gari da liman suna da rawar takawa wajen kwantar da hankali da kare iyalin yarinya daga tsangwama, amma ba su da ikon yafe laifin da ba su aka yi wa ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da gwamnati ta kafa domin taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a.

Hukuncin da ya fi yawa a garuruwanmu kuwa, kan yarinyar yake faɗawa: a cire ta daga makaranta. Yaron ya ci gaba da zuwa aji, ko ya hau mota ya yi Libiya, ita kuma a ɗaura mata aure da gaggawa. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, kowace ɗaliba da ta kai kwaleji daga Kawar ta tsallake shinge da yawa. Iyaye da dama ba su san doka ta sauya ba. A ranar 5 ga Disamba, 2017, gwamnatin Nijar ta fitar da dokar kariya da tallafa wa yarinyar da ke cikin karatu, a 2019 kuma ma'aikatun ilimi suka fitar da umarnin da ya ba ɗalibar da ta yi ciki ko aure damar ci gaba da karatunta, ta dawo aji bayan haihuwa. Daraktan da ya kore ta saboda ciki shi ne ya taka doka.

Sai dai takarda ba ta hana gori. Yarinyar da ta dawo za ta tarar da raɗa da nuni da baki, wani lokaci daga malamai mata ma. Aikin kwamitin kula da makaranta, CGDES, ke nan: ya tabbata wanda ya cuce ta ba ya aji ɗaya da ita, ba ya tare ta a hanya, a ba ta damar rama darussan da suka wuce ta, a hukunta mai yi mata gori kamar yadda ake hukunta mai sata. In zama a garin ya gagara, a nema mata canjin makaranta da gidan riƙo na amana. Ɗakunan kwanan ɗalibai mata da aka fara ginawa a zamanin Shugaba Bazoum, irin na Kelle a jihar Damagaram, an yi su ne don wannan matsala ta riƙo, kuma yanki mai nisa kamar Kawar ya fi ko'ina bukatarsu.

Samari ma a zauna da su. Yaro ɗan shekara 16 da ya taso yana ganin ana marin uwarsa, yana jin manyan fada suna alfahari da yadda suka "gyara" budurwa, ga tiramol a aljihu, ba zai san cewa "a'a" amsa ce da ake karɓa a tafi ba sai an koya masa. Akwai kuma yara maza da ake lalatawa, waɗanda kunya ta fi hana su magana. Su ma likita ɗaya ne, doka ɗaya ce.

Ga uban da zai sa 'yarsa a mota bana zuwa Dirku, Bilma ko Agadez: ka san gidan da za ta zauna da mazan da ke cikinsa, ka aika mata guzuri a kan kari don kada ta nema a hannun wani, ka karɓi lambar wata malama a makarantarta. Kafin motar ta tashi, ka gaya mata da bakinka cewa duk abin da ya same ta, kai za ta fara kira, kuma ba za ka cire ta daga makaranta ba.