Cikon Haƙori na Kwamfozit da Halinsa Cikin Ruwa



Duk abin da likita zai cike kogon haƙori da shi, to, cikin damshi zai ƙare rayuwarsa, domin baki ba ya bushewa dare da rana. Shekaru fiye da ɗari ana dogara ga amalgam, wato haɗin azurfa da zaiba da wasu ƙarafa, wanda bai cika damuwa da miyau ba. Amma tun da aka ƙulla Yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da zaiba, har Tarayyar Turai ta hana cike haƙori da shi daga Janairun 2025 sai bisa lalura, nauyin ya koma kan farin cikon nan da ake kira kwamfozit. Shi kuwa yana shan ruwa.

Wani likitan haƙori a Amurka, Rafael Bowen, shi ne ya samo ƙaron roba mai suna Bis-GMA, aka yi masa rajista a 1962. Ginin kwamfozit kamar na kankare yake: ƙaron shi ne siminti, garin gilashi ko na farin dutse shi ne tsakuwa, sa'an nan akwai wani sinadari, silen, da ake shafa wa ƙwayoyin garin don su kama ƙaron. Likita ya cusa shi yana da taushi, ya haska masa shuɗiyar fitila, ya daskare. A wajen daskarewar nan yakan tsuke da misalin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na girmansa, abin da kan iya barin 'yar kafa tsakaninsa da bangon haƙori.

To, a nan ruwa yake fara shigowa da fuskar alheri. Yakan ratsa ƙaron sannu a hankali, cikon ya ɗan kumbura, kafar ta ragu. Sai dai tsukewar cikin daƙiƙoƙi take aukuwa, kumburin kuwa sai an yi makonni, kuma ba kasafai yake mayar da duk abin da aka rasa ba. Kafin nan ƙwayoyin cuta sun ga ƙofa.

Ɓarnar ta fi yawa. Ruwan da ya zauna tsakanin sarƙoƙin ƙaron yakan sassauta su, cikon ya rage tauri, ya riƙa cinyewa da tauna. Haka kuma fitila ba ta daskarar da ƙaron dukansa. Ragowar da bai ɗaure ba sai ruwa ya wanke shi ya fita, ya bar gurabe, guraben su ƙara jawo ruwa, tare da launin shayi da gahawa da goro. Amma a ganina inda gizo ke saƙa shi ne mahaɗar gilashi da ƙaro. Ruwa yana iya kwance ɗaurin silen, kuma da zarar ya kwance, ƙwayar gilashin da aka sa don ƙarfi ta zama tsakuwar da ke lilo cikin raminta, tauna ta fizge ta. Gilashi mai sinadarin bariyam, wanda ake sawa don cikon ya fito a hoton esre, ya fi farin dutse saurin zagwanyewa cikin ruwa. An sami hoto, an biya da ƙarko.

Yaya ake auna wannan? Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 4049 ta ce a yi ɗan faifai mai faɗin milimita 15 da kaurin milimita 1, a busar da shi har nauyinsa ya tsaya, a jiƙa shi kwana 7 cikin ruwa mai zafin jikin mutum, digiri 37, a auna, a sake busarwa, a sake aunawa. Kada ruwan da ya sha ya wuce maikirogiram 40, kada abin da ya narke ya wuce 7.5, a kowane ƙunshi mai milimita ɗaya ta kowace fuska. Gwaji ne mai kyau, amma kwana 7 cikin tsabtataccen ruwa ba shekara 10 cikin baki ba ne. Miyau yana ɗauke da sinadaran da ke yanka sarƙoƙin ƙaron, ga tsamin abinci, ga zafi da sanyi suna musanye a kowace rana.

Shi ya sa hannun likita ya zama rabin aikin. In miyau ya taɓa kogon kafin cikon ya kama, ɗaurin ya raunana tun ranar farko. In an zuba shi da kauri fiye da milimita 2 a tashi ɗaya, alhali ba irin wanda aka yi don haka ba ne, hasken ba zai kai gindinsa ba, kuma gindin da bai daskare ba shi ruwa zai fara ci.