Tashe

Tashe wata al'ada ce ta Hausawa wadda ta haɗa waƙa da rawa da kwaikwayo, ana kuma yin ta ne a watan azumin Ramadan. Yara maza da mata, wani lokaci har da manya, su ne ke bi gida-gida da dare suna wasa, masu gida kuma suna ba su sadakar hatsi ko kuɗi. Manazarta adabin Hausa suna sanya tashe cikin wasannin kwaikwayo na gargajiya, wato waɗanda Bahaushe yake yi tun kafin zuwan rubutaccen wasa da rediyo da fim.

Asalin suna

Ana danganta kalmar tashe da aikatau "tashi". Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne, a da gwagware ne ke zagaya unguwa kafin asuba suna kiɗa domin su tashi mutane yin sahur. Daga baya yara suka ɗauki abin, suka mayar da shi farkon dare, suka ƙara masa shiga da kwaikwayo.

Lokaci da tsari

Ana fara tashe idan azumi ya kai kwana 10, wato cikin goma ta biyu, bayan goma ta farko da Hausawa ke kira goma ta marmari ta wuce. Bayan shan ruwa yara kan haɗu rukuni-rukuni, kowane rukuni da wasansa. Sukan yi sallama a zaure ko tsakar gida. Idan an yi musu izini su yi wasa, idan ba hali a ba su haƙuri su wuce. Mutum ɗaya ne ke bayar da waƙa, saura suna amshi. Kayan wasan ba sa bukatar kuɗi: auduga a maimakon gemu, tsumma, gawayi ko toka don shafa a fuska, gwangwani da ƙwarya don kiɗa. Abin da aka tara akan raba shi a ƙarshe.

Ire-iren wasanni

Kusan kowane wasa yana ɗaukar wani mutum ne da aka sani a cikin al'umma, ya nuna halinsa cikin raha.

A wasan Ka Yi Rawa, yaro kan yi shigar malami da allo da carbi da gemu. 'Yan amshi su zarge shi da yin rawa, shi kuwa ya musanta, sannan a wajen nuna yadda bai yi ba sai ya ɓuge da taka rawar. Wasan yana zolayar mai faɗin abu yana aikata saɓaninsa.

Jatau Mai Magani kwaikwayo ne na mai tallar maganin gargajiya, da saiwoyi da sassaƙe, yana lissafa cututtukan da yake warkarwa.

Tsoho da Gemu yana nuna dattijo mai dogara sanda, yana tunatar da jama'a tausayin wanda ƙarfinsa ya ƙare.

Mairama da Daudu na 'yan mata ne. Ɗaya takan sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta zama mata, a nuna yadda zaman aure yake.

Macukule kuwa ya ginu ne a kan wasan barkwanci da ke tsakanin Hausawa da Gwarawa.

Tashen gwauro

A birnin Kano, tashen manya da ya fi shahara shi ne na gwauro, wato namijin da ya taɓa aure amma ba shi da mata. Jagoran wannan tashe shi ne Nalako, sarkin gwagwaren Kano. Shi da jama'arsa sukan nemo gwagware, su ɗaura musu igiya, su zagaya da su gari da kiɗa da waƙa, har a kai ga fadar Sarkin Kano. Manufar ita ce a zaburar da gwauro ya sake aure, ko ya maido da matarsa.

Makamantansa

Akwai al'adun azumi masu kama da tashe a wasu ƙasashe. A Masar akwai mai kiɗan da ke tashin mutane sahur, ana kiransa masaharati. A Wagadugu ta Burkina Faso yara na yin wasan Dodo a watan azumi, wanda ake danganta zuwansa da fataken Hausawa.

Halin da ake ciki

A yau ana ganin 'yan tashe a cikin birnin Kano da kuma unguwannin wajen badala irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Daurawa, sai dai wasan ya fi komawa bakin titi da ƙofar shaguna. Yawancin yara ba su san wasanni da yawa ba, kuma neman kuɗi ya rinjayi kwaikwayo. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sanar da dakatar da tashe fiye da sau ɗaya, saboda 'yan daba na fakewa da shi suna faɗa da ƙwacen waya. Tun da yake baki da baki ake gadon waɗannan wasanni, yaro yana koya daga yayansa, duk azumin da ya wuce ba a yi su ba yana rage masu iya su.