Kindirmon Gida Ba Sai Da Sukari Ba

Uwargida da amarya, yau hirarmu a kan kindirmo ce, wanda za ki haɗa da hannunki a cikin ɗakinki ba tare da kin zuba masa sukari ba.

Yawancin yogot na roba da muke aiken yara su sayo mana a shago, an riga an zuba masa sukari. In akwai mai ciwon suga a gidan, maigida ne ko surukarki, to wannan ba nasu ba ne. Ga kuma haƙoran yara da zaƙi ke lalatawa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a rage sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha. Ga babban mutum, kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Ki lissafa na shayi da na kunu da na zoɓo, ki gani ko akwai sauran wuri.

Wata za ta ce ai in ba sukari ba zai kama ba. A'a, 'yar uwa. Madara da nata zaƙin Allah ya halicce ta. Cikin kindirmo akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ido ba ya gani. Su ne ke cinye wannan zaƙin su mai da shi tsami, tsamin kuma shi ke sa madara ta yi kauri. Abin da suke so kawai ɗumi da tsabta.

In nonon shanu ne sabon tatsa, ki tace shi, ki tafasa. Kada ki tsallake tafasawar nan, domin ɗanyen nono na iya ɗauke da cututtukan shanu, har da tarin fuka. In madarar gari ce, ki sa a duba jikin ledar ko gwangwanin, don wata da sukarinta take zuwa. Ki dama kofi 1 da kofi 3 na ruwan da ya tafasa.

Sai ki bari ta huce. Ki wanke hannu, ki tsoma ɗan yatsa. In kin iya ƙirga goma bai ƙone ki ba, amma kina jin ɗumi sosai, ta yi daidai. Nan ne sirrin yake: zafi ya yi yawa ya kashe irin, sanyi kuma ya hana shi aiki. Ki kawo iri, wato kindirmo mai kyau marar sukari, babban cokali 2 ga lita 1, ki gauraya a hankali. Ki juye a ƙwarya ko roba mai murfi wadda kika ɗauraye da ruwan zafi, ki sa a kula ko ki lulluɓe da bargo. Kada ki yi ta buɗewa, kada ki jijjiga. Da bazara awa 6 kan isa, da hunturu yakan kai 10. In ya daɗe fiye da kima, tsami zai yi yawa, shi ne mai ja ki ga neman sukari.

Da ya kama, ki ɗebi irin gobe ki ajiye tukuna. Sauran ki sa a firij. In babu wuta, ki dora shi cikin ruwan randa, a shanye a ranar.

Yara in sun nemi zaƙi, ki murje musu ayaba ko gwanda a ciki. Amma jariri kafin wata 6 nonon uwa kaɗai, zuma kuwa sai ya cika shekara. Mai ciwon suga ya sani dabino da zuma da ita kanta fura suna ɗaga suga, sai ya bi ma'aunin da likita ya ba shi.

Ki gwada da kofi 1 yau da dare. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara.