Uwa Ta Zama 'Yar Najeriya, Agola Fa?

Ranar Lahadi idan kasuwar Mai'adua ta cika, ba mai iya nuna maka ɗan Najeriya daban, ɗan Nijar daban. Hausarsu ɗaya, rawaninsu ɗaya, da yawa ma kakarsu ɗaya. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 tsakiyar dangi ta ratsa: zuriyar sarautar Daura ta bazu Zango da Baure da Magariya, yau kuwa Magariya tana cikin Nijar. Marigayi Muhammadu Buhari da bakinsa ya ce yana da 'yan uwa a can. Shi ya sa ɗauko amarya daga Matamaye ko Damagaram bai fi ɗauko ta daga Sandamu zama abin labari a wurinmu ba. Sau da yawa kuma bazawara ce, ta zo da ɗanta a hannu.

A kan wannan yaron nake magana. Na yi aikin hedimasta a ƙasar Daura har na yi ritaya, irinsa da yawa sun zauna a gabana. Ɗaya ma a gidanmu ya tashi. Ƙanena ɗan kasuwa ne, ya auri wata baiwar Allah daga wajen Matamaye wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa namiji bai kai shiga firamare ba. Ƙanen nawa mutum ne mai son komai a rubuce. Ya yi ta zirga-zirga har matarsa ta samu takardar zama 'yar Najeriya daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Aka yi barka, aka sa takarda a akwati. Sai da yaron ya gama sakandare yana neman fasfo ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Baffa, an ce in kawo takardar indijin. Ta wace ƙaramar hukuma zan kai?"

Amsar tana cikin babi na uku na kundin tsarin mulkin 1999, kuma ba doguwa ba ce. Ƙofa uku ake shiga zama ɗan Najeriya. Sashe na 25 na haihuwa ne. Sashe na 26 na rajista ne, kuma mutum iri biyu kawai ya ambata: macen da take aure ko ta taɓa auren ɗan Najeriya, da baligin da aka haifa a waje wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne. Sashe na 27 na baƙon da ya daɗe ne: sai ya cika shekara 18, ya zauna a ƙasar shekara 15, an shaide shi da halin kirki, gwamnan jiharsa ya gamsu cewa jama'a sun karɓe shi ya kuma saje da su, sannan ya yi rantsuwar biyayya. Shugaban ƙasa ne ke da maganar ƙarshe. A Satumban 2022, alal misali, mutum 286 Buhari ya bai wa takarda, 208 ta ƙofar daɗewa, 78 ta rajista.

Ka karanta babin daga sama har ƙasa, ba za ka ga inda aka ambaci ɗan mata ba. Mijin uwa yana iya jawo matarsa ciki, amma ba ya iya jawo ɗanta, ko da shi ya yi masa kaciya, ya biya masa makaranta, ya ɗaura masa aure. Ba a kuma rubuta ƙarara cewa ranar da uwa ta karɓi takardarta ƙananan 'ya'yanta sun bi ta ba. A nan dokarmu ta yi shiru, kuma a ganina shirun nan naƙasa ce.

Wasu ƙasashen sun toshe wannan gurbi. A Faransa, yaron da bai balaga ba yana zama Bafaranshe tare da iyayensa matuƙar tare suke zaune kuma an sa sunansa a cikin takardar. A Amurka, wata doka ta shekarar 2000 da ta fara aiki a Fabrairun 2001 ta ce yaron da bai kai 18 ba, mai izinin zama na dindindin, da ke hannun uwa ko uba ɗan ƙasa, ya zama ɗan ƙasa ba sai ya nema ba. Amma ko a can ta jinin uwarsa yake samu. Mijin uwa ba ya ba shi, sai in ya mayar da shi ɗansa a gaban kotu.

Wannan hanyar kuwa a wurinmu ba ta ɓullewa. Musulunci ya yarda da riƙo, ya kwaɗaitar da shi, amma Suratul Ahzabi ta hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Agola ba ya cin gadon mijin uwarsa, ba ya ɗaukar sunansa. Tsarin mulkin ma bai ce ɗan riƙo yana samun ƙasa ta hanyar mai riƙonsa ba.

Akwai wata 'yar kafa da lauya zai iya bi. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a waje, wanda uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, ɗan ƙasa ne. Bai ce dole sai sun kasance 'yan ƙasa tun ranar haihuwarsa ba. Mai wayo zai ce, to ai yanzu uwarsa 'yar ƙasa ce. Wani kuma zai mayar masa da cewa sashen na haihuwa ne, kuma ranar da aka haifi yaron uwar 'yar Nijar ce tsantsa. Muhawara ce mai daɗin ji a zaure. Ni dai ba zan ɗora makomar yaro a kanta ba tare da amsa a rubuce daga ma'aikatar da abin ya shafa ba.

Abin da na ce wa ƙanena shi ne, kafin a je ga lauya a je ga tsofaffi. Na sa aka kira matar tasa na tambaye ta, "Kakannin yaron nan huɗu, ina aka haifi kowannensu?" Ta yi shiru tana lissafi, can ta ce, "Yaya, ai uwar marigayi 'yar wajen Baure ce, aure ya kai ta can." Shi ke nan, an samu bakin zaren. Kaka 'yar Najeriya tana buɗe wa jikanta ƙofar rajista da zarar ya cika 18, ba sai ya jira shekara 15 ba. Kai, idan aka bi sashe na 25 daki-daki, ɗanta da ta haifa a Nijar shi kansa ɗan Najeriya ne ta haihuwa ko da bai taɓa sani ba har ya koma ga Allah, ɗansa kuma ɗan ɗan ƙasa ne. A ƙasa irin tamu, inda 'yan mata ke tsallaka iyaka a motar amarya tun kafin 1960, yaran da ke da irin wannan kaka sun fi yadda ake zato. Wahalar ita ce hujja: dagacin garin kakar, da dattawan da suka san gidansu, da hakimi, sannan ƙaramar hukuma. Idan aka yi jinkiri har waɗannan dattawa suka ƙare, hujja ta bi su.

Na san abin da mai karatu yake cewa a ransa, domin an faɗa mini a fuska. "Malam, wannan duk tsawaita zance ne. Mai unguwa ya san yaron, a rubuta sunan mijin uwar a matsayin uba, a karɓo indijin, magana ta ƙare." Ana yi, kuma sau da yawa ana wucewa lafiya. Amma ƙarya ce a shari'a, laifi ne kuma a dokar shige da fice a nemi fasfo da bayanin ƙarya. Ba ranar da yaro yake talaka take tashi ba. Sai ranar da ya samu wani abu: ranar tantance shi a aikin soja, ko ranar rabon gado da 'ya'yan gida suka ga sunan baƙo a takarda, ko ranar da ya tsaya takara abokin hamayya ya aika ƙauye a tono asalinsa. A Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ta tsallakar da shi Chadi a kan wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta dawo masa da haƙƙinsa saboda an tabbatar mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce. Shi gaskiya yake da ita, aka yi masa haka. Ina ga wanda takardarsa ƙirƙira ce?

A lura kuma, lambar NIN ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi.

Wani abin da ake mantawa shi ne dangin uba. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin rainon ɗa, amma idan ta auri bare haƙƙin yana iya komawa ga mahaifiyarta. Yaron da aka tsallako da shi da yardar baki kawai, wata rana baffansa na iya sallama ya ce ya zo ɗaukar ɗansu. Gara a samu yardarsu a rubuce da shaidu, a karɓo takardar haihuwarsa daga ofishin magajin garin da aka haife shi, a sa a fassara ta daga Faransanci. A dā ana sakaci da wannan saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa kowa kwana 90 ba biza. To, an rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan Nijar har sai an ji wata sanarwa, wanda ke nufin rangwame ne, ana iya janye shi.

Tsoron rasa Nijar ba ya cikin lissafi. Sashe na 28 bai tilasta wa mutum ya bar ƙasar da yake ɗanta ta haihuwa ba, Nijar ma tun 2014 ta halatta riƙe ƙasa biyu. Sai dai wanda ya shigo ta rajista ko ta daɗewa ba zai zama gwamna ko shugaban ƙasa ba, kuma sai ya shekara 10 kafin ya riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi.

Saura wanda ba shi da kaka ko ɗaya a wannan ɓangaren. Idan mace ce, ranar da ta auri ɗan Najeriya ƙofar da uwarta ta bi ta buɗe mata. Namiji ba shi da wannan gatan ko da 'yar sarki ya aura. A Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin da zai bai wa mata damar jawo mazajensu. Abin da ya rage masa shi ne shekara 15, kuma sai ya nuna ya yi su. Yaron da ya zo yana ɗan shekara huɗu, kafin ya kai ashirin ya cika su, in dai zamansa na kan ƙa'ida kuma akwai abin nunawa. A nan rajistar makaranta ke da amfani. Ranar da za a sa shi aji ɗaya, a faɗa wa hedimasta sunan ubansa na gaskiya da garin da aka haife shi, a tsaya a ga an rubuta daidai, a kuma adana katin sakamakonsa na kowane zango, domin su ne za su nuna wa jami'in shige da fice shekarar da ya shigo da inda ya zauna tun daga nan.