Tangaran Mai Tare Harsashi

Kowa ya san tangaran da saurin fashewa, amma da shi ake yi wa wasu motocin yaƙi sulke. Ba irin na kofin shayi ba ne, ana gasa shi ne daga sinadarai masu tauri kamar alumina da boron kabaid. Babban dalilin zaɓensa shi ne rashin nauyi, domin alumina ba ta wuce kimanin rabin nauyin ƙarfe ba, boron kabaid kuwa kusan kashi ɗaya bisa uku.

Idan harsashi ya bugi tangaran, taurinsa kan dakushe bakin harsashin ya farfasa shi. Shi ma tangaran ɗin yakan tsage, tsagar ta bazu kamar mazurari, ta rarraba ƙarfin bugun a kan farantin ƙarfen da ke bayansa. Duk wannan kan auku cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa.

Ganin haka, a ƙarshen shekarun 1960 Mark Wilkins na cibiyar bincike ta Livermore a Amurka ya shiga kwaikwayon bugun a kwamfuta. A 1994 Johnson da Holmquist suka fitar da tsarin lissafin da ke nuna yadda ƙarfin tangaran ke raguwa yana rugujewa.

Duk da haka ba a daina gwaji ba. Akan manna tangaran a curin ƙarfe, a harbe shi, a auna zurfin ramin. In ma'aunin ya saɓa da hasashen kwamfuta, lissafin ake gyarawa, domin rayukan sojojin da ke cikin motar sun dogara a kansa.