FILIN MANOMA: Doka Tana Takarda, Kacala Tana Kogi

Ran nan wani dattijo ya tare ni a bakin fadama kusa da Haɗeja, ya ce, "Malamin gona, mun ji an ce Gwamnati ta yi dokar kiyaye fadama. To, ina take?" Na ga ya kamata in kawo amsar nan, kowa ya ji.

Doka kam akwai ta. A 1989 Gwamnatin Tarayya ta tsara manufar kiyaye muhalli, watau ƙasa da ruwa da itatuwa. A 1992 aka yi dokar cewa kada a soma wani babban aiki sai an auna ɓarnar da zai jawo. A 2008 kuma aka shigar da dausayin Baturiya cikin yarjejeniyar duniya ta Ramsar.

Amma ku lura, madatsar Tiga da ke kan Kogin Kano tun 1974 aka gama ta, kafin dokar. Ta Challawa kuwa a 1992. Mai kula da su, watau Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, tana ƙarƙashin ma'aikatar ruwa, alhali kuwa dokar muhalli tana hannun wata ma'aikata dabam. Mai mabuɗin ruwa dabam, mai takarda dabam.

Ga abin da ya biyo baya. A dā kogi yakan cika wajen Agusta, ya malale fadama, mu sami shinkafa da kifi da ciyawa, da rani kuma ya janye. Da aka shiga sako ruwa rani da damina, sai hanyoyin ruwa suka daina bushewa. Laka ta kwanta, kacala ta sami wurin zama ta toshe su. Shi ya sa za ka ga gonar wani ta nutse, ta wani kuwa ko ɗigo ba ta samu ba. Jan baki kuma ya sami maɓoya, ya addabi shinkafa.

To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku haɗa gayya, ƙauyen sama da na ƙasa tare, don in kun share naku, maƙwabta ba su share ba, aikin banza ne. Ku yanke kacala a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda, don kada saiwarta ta sami iska. In ta sake tohowa ku maimaita. Ƙona ta kawai ba ya kashe ta.

Sa'an nan ku kai kuka a rubuce, ta hannun dagaci da hakimi, ku nemi a riƙa sanar da ku lokacin sakin ruwa kafin shuka. Doka ba ta da ƙafa, sai an je an ɗauko ta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.